Daga Nasarawan Doya Zuwa Birnin Zazzau A Kan Keke

'Yan'uwa mata, musamman ku 'yan makaranta na Nasarawan Doya, Makarfi, Ikara da Kudan. Ke 'yar'uwa, sau nawa kika rubuta sunan Sarauniya Amina a takardar jarrabawa? To tsakaninki da Allah, kin taɓa dafa ganuwar Zazzau da hannunki? Ga ta nan kusa, tafiyar da keke zai yi kafin azahar.

A ƙasar Kambodiya, baƙi kan biya kuɗin jirgi daga Amurka da Faransa don kawai su yi hayar keke su zagaya Angkor Wat, wurin ibadar da aka gina tun ƙarni na 12. Mu namu na bakin ƙofa, amma mun bar wa littafi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, ruwa ya ɗauke, zafi bai shigo ba. Ku fita da sassafe. Daɗin keke shi ne ba ya ɓoye miki komai. Za ki ratsa gonakin dawa da masara, ki gangara fadamun rake, ki shaƙi ƙamshin mazarƙwaila tana dahuwa. Ku tsaya ku gaida masu aikin, ku sayi guda biyu na guzuri.

In kun isa Zariya, ku bi ta Tudun Wada ku shiga ta Ƙofar Doka. Nan za ki fara ganin abin da ya rage na ganuwa. Tarihi ya nuna Amina 'yar Bakwa Turunku ce, ta yi zamani a ƙarni na 16, kuma ana cewa sunan ƙanwarta Zariya aka sa wa garin. Amma wallahi sai kin ji tausayin ganuwar nan. Ruwan sama ya ci, masu ɗibar ƙasar gini sun ci, gidaje sun hau. Wani wurin sai an nuna miki tudu an ce nan take a da.

Daga nan sai Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarki. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba siminti, ba rodi, ƙasa ce da azara, aka lanƙwasa rufin ya zama bakan gizo. A shekarun 1970 aka yi sabon gini ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Ku nemi izinin masu kula da wurin, kuma kada ku zaɓi ranar Juma'a.

In da sauran ƙarfi, ku ƙarasa Wusasa, inda akwai coci na ƙasa da aka gina a 1929 da salon ginin Hausa. Can gefe ga Dutsen Kufena, inda mutane suka zauna tun kafin birnin yanzu ya kafu.

Na san abin da ke ranki: "Baba ba zai bari ba." Kada ki yi fushi, kada kuma ki saci jiki. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku samu malamarku da wani yayanku su raka ku, sannan a je wa iyaye da magana cikin ladabi. Ki sa wando a ƙarƙashin hijabi, ki tattare bakinsa kada kaca ta kama. A duba birki, a ɗauki famfo da faci da sholisho da ruwan sha. In kun hau kwalta ku jeru ɗaya bayan ɗaya a gefe, manyan motoci ba su san wasa ba. Ku kwana wajen 'yan'uwa a Zariya, kada dare ya yi muku a hanya.

Gani ya kori ji, 'yan'uwa. Kowace damina ganuwar nan raguwa take yi. Ku je ku gani tun da sauranta, don wata rana in 'yarki ta tambaye ki, ki ce da idona na gani. Wadda ta je, ta rubuto mana labari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.