Ina Uwar Kuɗin Ta Shiga?

A Yola ta wajen Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, da wuya ka shiga gidan da ba a taɓa wata sana'a. Wannan tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuliƙuli, waccan tana suyar ƙosai, maigida kuwa yana sayen masara da kaka ya ajiye sai bazara. Duk da haka akwai kuka guda da akan ji a gidaje da yawa: ciniki ana yi, kuɗin ne ba a gani. Uwargida ta buɗe gwangwani ta ƙirga, ta tarar uwar kuɗi ta ragu. Sai zato ya tashi. Ta dubi 'yar da ke yi mata talla, ta dubi ƙanen miji. Ta haka zumunci yakan lalace a kan kuɗin da ba wanda ya sata.

Ya mai karatu, maganin wannan ba shi da tsada. Littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, da biro, da wata dabara da ake kira lissafi mai fuska biyu.

Asalin dabarar

Iyayenmu sukan riƙe lissafi da ka, ko su ja zane a bango da gawayi, kowane zane mudu guda na bashi. Wannan yana tuna wa mutum wanda yake bi, amma ba ya faɗa masa ko ya ci riba.

'Yan kasuwar Italiya ne suka shahara da wannan dabara. Akwai littattafan baitulmalin birnin Jenowa na shekarar 1340 da aka rubuta ta wannan hanya. A 1494 wani malamin lissafi mai suna Luca Pacioli ya buga littafi a birnin Benis, ya bayyana ta dalla-dalla. Ba shi ya ƙago ta ba, ya dai rubuta abin da ya ga fatake suna yi. Har wa yau da ita bankuna da manyan kamfanoni suke aiki, ko da yake kwamfuta ce take yi musu rubutun.

Doka guda ce

Kuɗi ba sa faɗowa daga sama, ba sa kuma nutsewa a ƙasa. Daga wani wuri suke fitowa, su shiga wani. Saboda haka kowane abu sau biyu ake rubuta shi. A ba kowane sashe na sana'a shafinsa, a ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa. Shafin da ya karɓa, a rubuta masa a hagu. Shafin da ya bayar, a rubuta masa a dama. Shi ke nan.

Bari mu ɗauki misalin wata mai man gyaɗa. Ta buɗe shafi bakwai: Kuɗin Hannu, Jari, Sayen Gyaɗa, Ɗawainiya, Ciniki, Mai Ƙosai, da Gida.

1. Ta kwashi adashi ₦100,000 ta sa a sana'a. Kuɗin Hannu ya karɓa, hagu. Jari ya bayar, dama.
2. Ta sayi gyaɗa ta ₦70,000. Sayen Gyaɗa hagu, Kuɗin Hannu dama.
3. Ta biya niƙa da itace ₦8,000. Ɗawainiya hagu, Kuɗin Hannu dama.
4. Ta sayar da mai da ƙuliƙuli na ₦75,000 kuɗi hannu. Kuɗin Hannu hagu, Ciniki dama.
5. Maƙwabciyarta mai ƙosai ta ɗauki sauran man na ₦15,000 bashi. Mai Ƙosai hagu, Ciniki dama.
6. Ta ɗebi ₦20,000 domin cefane da kuɗin makarantar yara. Gida hagu, Kuɗin Hannu dama.

A ƙarshen wata ta buɗe gwangwani, sai ta tarar da ₦77,000. Da ba ta rubuta ba, da ta ce ta yi hasarar ₦23,000, ko kuwa wani ya sa mata hannu. To, bari mu ji abin da littafi zai ce.

Ɗora littafi a sikeli

Da farko ta fitar da ragowar kowane shafi. A Kuɗin Hannu ₦175,000 suka shiga, ₦98,000 suka fita, saura ₦77,000, daidai da abin da ke cikin gwangwani. Watau ba a ɗauki ko kwabo ba. 'Yar talla ta fita daga zargi.

Sa'an nan ta jera shafuffukan da ragowarsu ke hagu: Kuɗin Hannu ₦77,000, Sayen Gyaɗa ₦70,000, Ɗawainiya ₦8,000, Mai Ƙosai ₦15,000, Gida ₦20,000. Jimla ₦190,000. Na dama kuwa: Jari ₦100,000, Ciniki ₦90,000. Jimla ₦190,000. Sikeli ya tsaya daidai. In da hannu ɗaya ya rinjayi ɗaya, da ta san akwai kuskure, ta koma ta neme shi.

Yanzu sai riba. Ciniki ₦90,000 ne. A cire gyaɗa da ɗawainiya, ₦78,000, saura ₦12,000. Ashe riba ta ci! Amma gida ya ci ₦20,000, watau ya cinye ribar duka, ya kuma gutsuri ₦8,000 daga uwar kuɗi. Jarinta ya koma ₦92,000: ₦77,000 a hannu, ₦15,000 a wurin mai ƙosai. In aka ci gaba da haka wata bayan wata, ran nan za a wayi gari ba abin sayen gyaɗa.

Ka ga abin da littafin ya yi mata? Ya nuna mata sana'ar lafiya lau take, ɓarakar a cefane take. Yanzu tana da abin da za ta ajiye gaban maigida su yi shawara cikin natsuwa, ba da faɗa ba.

Abubuwan lura

Kada a bar rubutun yau sai gobe. Sikeli ba ya kama abin da aka manta ɗungum, ba ya kuma kama abin da aka sa a shafin da ba nasa ba, gama hagu da dama za su daidaita duk da haka.

A ba kowane mai cin bashi shafinsa, ko da ɗan'uwa ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma rubutacce ba ya kawo gardama. A tuna kuma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: ₦15,000 da ke wurin mai ƙosai ba za su sayi gyaɗa ba sai an biya.

In akwai kayan da ba a sayar ba, kamar masara a rumbu, a ƙiyasta su a kan kuɗin da aka saye su, a cire daga kuɗin saye kafin a fitar da riba.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa suka saba biya ta waya. Sai a buɗe wa Banki shafinsa dabam. In aka ciro kuɗi wurin mai POS, Kuɗin Hannu hagu, Banki dama, ladan mai POS kuwa ya shiga Ɗawainiya.

Wadda ba ta iya rubutu ba, kada ta karai. Ta zaunar da ɗanta ɗan makaranta kowace yamma bayan tuwo, tana faɗa yana rubutawa. Ma'ajin zumuntar mata da uwar adashi ma wannan hanya za ta kāre musu suna.

Ranar kasuwa mai zuwa, kafin a sayi gishiri da daddawa, a fara sayen littafin.