Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce: Zanzaron Da Ke Jan Gizo-Gizo

Manomi a Mandouri, ko mai kiwo a bakin kogin Oti, yakan ci karo da wani baƙin ƙwaro mai dogayen ƙafafu, yana tafiya da baya-baya, yana jan gizo-gizon da ya fi shi nauyi. Sai ya ce zanzaro ne, ya kai masa takalmi. To, a dakata tukuna.

Zanzaron da muka sani a ɗakunanmu, mai baƙi da rawaya da siririn ƙugu, gidan laka yake ginawa a bango, ya cika kowane ɗaki da ƙananan gizo-gizo masu yawa. Wannan na daji kuwa danginsa daban ne. Masana suna kiransu Pompilidae, kuma an san iri wajen 5,000 a duniya. Ka'idarsu ita ce gizo-gizo ɗaya, ƙwai ɗaya. Macen ce ke farauta. Takan harbi gizo-gizon ya sandare amma bai mutu ba, ta ja shi cikin rami, ta ɗora masa ƙwai, ta rufe. Tsutsar da za ta ƙyanƙyashe ita ke cin naman. Manyan kuwa ruwan fure suke sha.

Yaya za a gane shi? Dubi ƙafafun baya: dogaye ne masu ƙayoyi. Ba ya zama wuri ɗaya, gudu yake a ƙasa yana karkaɗa fukafukai. Masani kan ƙara da duba wani miƙaƙƙen tsagi a gefen ƙirjinsa, da zanen jijiyoyin fukafuki, domin launi kaɗai yana ruɗarwa. Manyan cikinsu a Afirka su ne 'yan gidan Hemipepsis. Wani masani mai suna George Arnold, wanda ya yi aiki a Bulawayo, shi ya tsara na Afirka dalla-dalla tun shekarun 1930.

Harbin macen da zafi ƙwarai, amma ba ta taron dangi irin na rina, namijin kuma ba shi da ƙari. Kada yara su kama ta da hannu. In ka gan ta, daga Dapaong har Sokodé, ɗauki hotonta da waya, ka rubuta rana da wuri. Da irin wannan shaida ake sanin wane iri ne ke zaune a ƙasarmu. Sannan ka bar ta ta ci gaba da aikinta.