Masu Biyan Kuɗi Su Haƙa Ƙasa a Kwarin Virgin

A arewa maso yammacin jihar Nevada ta Amurka, kusa da ɗan ƙauyen Denio, akwai wani busasshen kwari mai suna Virgin Valley. Duk shekara, da zafi ya shigo, mutane kan yi tafiyar awoyi su je can su biya kuɗi a ba su izinin haƙar dutsen ofal. Mahaƙai irin su Royal Peacock da Rainbow Ridge a buɗe suke ga kowa, kuma abin da mutum ya tono nasa ne.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan biya kuɗin tona tulin ƙasar da aka riga aka kwaso. Mai jini a jika kuwa sai ya ɗauki diga ya tunkari jikin gangare, ya wuni yana sarar yumɓu a cikin rana. Da yawa kan tashi hannu rabbana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne asalin dutsen. Shekaru miliyoyi da suka wuce wurin nan daji ne mai tafkuna, sai tokar aman wuta ta binne itatuwansa. Ruwa mai ɗauke da sinadarin silika ya riƙa tsattsafowa yana cike gurbin itacen da ya ruɓe. Shi ya sa mai haƙa kan ciro ofal da siffar reshe, wani har da zanen ɓawo. Launuka masu walƙiya da ake gani a jikin ofal kuwa ba rini ba ne. A shekarun 1960 masana a Ostareliya suka gano cewa ƙananan ƙwayoyin silika ne jere reras suke tarwatsa haske.

Sai dai ofal ɗin kwarin nan yana da ruwa sosai a jikinsa, kuma in ya bushe yakan tsattsage. Don haka masu ƙera sarƙa da zobe ba su cika son sa ba, mahaƙa kan adana shi a kwalbar ruwa. Shahararren ofal na Roebling, mai nauyin karat 2,585, daga nan aka haƙo shi, yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

A ganina wannan rauni ne ya kare wurin daga rububin 'yan neman kuɗin dare ɗaya. Galibin masu zuwa iyalai ne da tsofaffi masu sha'awar duwatsu, kuma yaron da ya tono reshen itacen da ya zama dutse da hannunsa ya fahimci tarihin ƙasa fiye da yadda allon aji zai nuna masa.