Haƙorin Da Ya Daina Ciwo Bai Warke Ba

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa yin ciwon haƙori wanda ya hana ka barci kwana biyu ko uku, sa'an nan ya lafa da kansa? Mutane da yawa sukan ce, "An gode Allah, tsutsar ta mutu." Babu tsutsa a cikin haƙori. Sau da yawa haƙorin ne da kansa ya mutu, shi ya sa ba ka jin zafi. Mataccen haƙori da aka bari a baki yana iya haifar da jakar ruwa a cikin ƙashin muƙamuƙi. A kan wannan jaka za mu yi magana.

Yadda jakar take somawa

Kowane haƙori yana da saiwa da ta nutse cikin ƙashi, kamar saiwar itace a ƙasa. A tsakiyarsa akwai rami siriri inda jijiya da hanyoyin jini suke. Idan haƙori ya ruɓe har ramin ya buɗe, ko ya bugu saboda faɗuwa daga babur ko tunkuyin saniya, jijiyar takan mutu. Ƙwayoyin cuta su zauna a ramin, dafinsu yana tsiyaya ta ƙarshen saiwa zuwa cikin ƙashi.

Jiki ba ya zama haka kawai. Yakan tara sojojin jini a wurin, su zama ɗan ƙullutun nama a bakin saiwar. Kusa da saiwa kuma akwai ragowar ƙwayoyin fata da suka saura tun lokacin da haƙorin yake tsirowa. Suna nan kwance a bakin kowa, ba su cutar da kowa. Kumburin da ya daɗe shi ne yake tashe su. Sai su yi ta yawaita, na tsakiya su narke su zama ruwa, na gefe su zama bango. Jaka ta samu ke nan.

Abin da yake ciki

Idan likita ya cire jakar aka duba ta da madubin da yake ƙara girman abu, akan ga bangonta ninki biyu ne. Na ciki siririyar fata ce mai kama da ta cikin kumatu. Na waje nama ne mai tauri, cike da sojojin jini. Ruwan ciki rawaya-rawaya ne, wani lokaci da ƙananan abubuwa masu ƙyalli, wato kitsen ƙwayoyin da suka narke. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, ruwan ya zama mugunya.

Jakar tana jawo ruwa a hankali, tana matsa ƙashi, ƙashin yana zaizayewa. Aikinta irin na gara ne a cikin azara: waje lafiya lau, ciki ya cinye. Ba ciwon daji ba ce. Ba a ɗaukarta daga wani. Ba jifa ba ce, ba sammu ba. A cikin jakunkunan ruwa da suke fitowa a muƙamuƙi, ita ce ta fi yawa, ta kuma fi kama haƙoran gaba na sama.

Alamun da za ka lura da su

Da fari babu alama ko ɗaya. Tana iya yin watanni ko shekaru ba ka sani ba. Daga baya za ka iya ganin waɗannan:

1. Haƙori ɗaya ya yi duhu, ya bambanta da sauran, ba ya kuma jin sanyi ko zafi.
2. Kumburi a dasashi daidai saiwar haƙorin, ba zafi, mai tauri kamar ƙashi.
3. Idan ƙashin ya yi siriri, ka danna sai ka ji yana lotsawa kamar ɓawon ƙwai. In ya ƙare sarai, wurin ya yi laushi.
4. Ɗan ƙurji a dasashi da yake fashewa, ya fid da ruwa mai wari, ya rufe, ya sake dawowa.
5. Haƙoran kusa sun karkace ko suna girgiɗi.

Ko wurin da aka riga aka cire haƙori yana iya kumbura, idan an fid da haƙorin an bar jakar a ƙashi.

Don me sai an zo asibiti

Ido kaɗai ba ya rarrabe kumburin muƙamuƙi. Hoton ƙashi yakan nuna jakar kamar baƙin da'ira a ƙarshen saiwa, da farin layi kewaye da ita. Amma akwai wani ƙari da likitoci suke kira amiloblastoma, wanda ya fi fitowa a ƙarshen muƙamuƙin ƙasa, yana kuma iya kama da ita. Shi aikinsa ya fi girma ƙwarai. Saboda haka akan aika naman da aka cire a bincika. Idan kuwa muƙamuƙin yaro ne yake girma da sauri cikin 'yan makonni, wannan wata cuta ce dabam. A kawo shi nan da nan.

Maganin jakar shi ne a kawar da tushenta. Idan ƙarama ce, likitan haƙori yana iya wanke ramin haƙorin ya toshe shi, sau da yawa wurin ya warke, haƙorin ya zauna. Idan haƙorin ya lalace, a cire shi tare da jakar duka. Idan babba ce, akan buɗe mata ƙofa ta cikin baki domin ta yi ta raguwa kafin a cire. Ƙashi yana sake cika ramin cikin watanni.

Abin da ba za ka yi ba

Kada ka bari a yi maka sakiya ko tsaga. Ruwa zai fita, kumburi ya sauka, amma bangon yana nan, zai sake cika, ga kuma datti ya shiga. Kafso na kasuwa yana kwantar da zafi ne kawai, ba ya narkar da jaka. Kanumfari ma haka. Kada ka sa garin taba ko ruwan batir a haƙori, suna ƙona dasashi.

Mun san abin da yake hana mutane zuwa: kuɗin mota, aikin gona, tsoron cirewa. Da yawa sukan ce sai bayan girbi. Amma jakar da za a cire cikin ɗan lokaci bana, baɗi tana iya cin haƙora uku ko huɗu, ta raunana muƙamuƙi har ya karye.

Ka zo a ranar, ko da dare ne, idan kumburi ya zo da zazzaɓi, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko ya hau wajen ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya. Wannan yana iya kisa.

Ka riƙa goge haƙora safe da dare da asuwaki ko buroshi da man goge baki, ka rage sukari da alewa. Dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. In kun ga wani da kumburin fuska yana rufewa da mayafi, kada ku tsaya ga addu'a kaɗai. Ku yi masa addu'a, ku kuma rako shi asibiti.