Ƙwaƙwalwa, Laka da Jijiyoyi: Masu Tafiyar da Jiki

Kowane gari yana da sarki, sarki kuma yana da manzanni. Haka jikin ɗan Adam yake. Ƙwaƙwalwa ita ce sarki, jijiyoyi su ne manzanni, laka kuwa ita ce babbar hanyar da suke bi.

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai. Nauyinta ga babban mutum ya kai wajen kilo 1 da garam 400. Da ita muke tunani, muke magana, muke tuna abin da ya wuce. Ita ce take lura da numfashi ko muna barci. Ɓangarenta na dama yana juya hagun jiki, na hagu yana juya dama. Shi ya sa in jini ya toshe a gefe guda, ɗaya ɓarin jikin ne yake shanyewa.

Laka tana cikin ƙashin baya. Daga gare ta jijiyoyi 31 suke fitowa a dama, 31 a hagu. Daga ƙwaƙwalwa kuma 12 a kowane gefe. Waɗannan dabam suke da jijiyoyin jini: saƙo suke ɗauka. Wasu suna kai labari daga fata, ido da kunne. Wasu suna kawo umurni ga tsoka. In ƙaya ta soki manomi, laka ce take sa ya ɗage ƙafa tun kafin ya ji zafin.

Tun da mun san haka, sai mu kiyaye abubuwa huɗu.

1. Sanƙarau yana kama fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ya yi mummunar ɓarna a Nijar a shekarar 1995. Ya fi yaɗuwa da rani. In an ga zazzaɓi, ciwon kai da ƙagewar wuya, a kai mutum gidan likita a ranar. Jinkiri yana kawo kurumta ko mutuwa. Mu kai yara rigakafi.

2. Maganin ƙwari da muke fesa wa wake da albasa, da yawansa jijiyoyin ƙwaro yake kashewa, kuma yana taɓa namu. Mu rufe hanci da jiki, kada mu fuskanci iska, mu yi wanka da sabulu in mun gama. Kada a zuba ruwan sha cikin tsohon galan ɗinsa.

3. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa take, ba a ɗaukar ta ta miyau. In mutum ya faɗi, a kawar da wuta, a kwantar da shi a gefe, kada a sa masa kome a baki. Tana da magani.

4. Mai hawan babur ya sa hular kwano. In wani ya faɗo ya bugu a baya, kada a naɗe shi, a ɗauke shi a miƙe bisa katako. Ƙashi yana ɗoruwa, amma laka in ta tsinke ba ta komawa.

Mu karanta wa maƙwabtanmu wannan bayani. Allah ya ba mu lafiya.