Datsun ɗin da Ta Ci Tseren Safari, a Cikin Kwali

A watan Afrilun 1971 wata jar mota mai baƙin bonet, mai lamba 11, ta shigo Nairobi a kan gaba bayan ta sha kimanin kilomita 6,000 cikin ƙura da taɓon Kenya da Yuganda da Tanzaniya. Datsun 240Z ce ta kamfanin Nissan, Edgar Herrmann ke tuƙi, Hans Schuller yana karanta masa hanya. Wadda ta zo ta biyu ma irinta ce, a hannun Shekhar Mehta, wanda daga baya ya ci tseren Safari da irinta a 1973. Motar Herrmann tana nan har yau a ma'ajiyar tsofaffin motocin Nissan da ke Zama, kusa da Tokyo, an bar ta da lotsawar da ta samu a hanya.

Wanda ba zai iya zuwa Zama ba yana iya mallakarta a kan teburinsa, muddin ya yarda shi zai haɗa ta. Kamfanin Hasegawa yana sayar da ita a kwali bisa ma'aunin 1/24, wato kowace santimita ɗaya a jikin ƙaramar tana wakiltar santimita 24 a jikin babbar. Motar da ta ɗara mita huɗu sai ta dawo kimanin santimita 17. Kamfanin Tamiya kuwa ya fitar da ita bisa ma'aunin 1/12, ninki biyu ke nan a tsawo, da inji da wayoyinsa.

Dattawan da suka hau Datsun 120Y lokacin da take tasi a biranen Najeriya sun san sunan. Ita 240Z 'yar gidan ce, amma ta gudu: kujera biyu, dogon hanci, inji mai silinda shida da ƙarfin doki kusan 150. Ta fito a ƙarshen 1969, kuma Yutaka Katayama, shugaban reshen Nissan na Amurka, shi ya dage a kanta. Da ta isa can ana sayar da ita kimanin dala 3,500, ƙasa ƙwarai da farashin Jaguar ko Porsche, sai masu saye suka yi layi. Ita ce ta kawar da raini daga kan motocin Japan a idon Amurkawa.

Su kuwa kwalayen, mafi yawansu daga yanki ɗaya suke fitowa, wato Shizuoka, tsakanin Tokyo da Nagoya. A nan Tamiya da Aoshima da Fujimi suke, Hasegawa kuma yana maƙwabcin gari, Yaizu. Yankin ya daɗe da suna a sassaƙa da aikin katako, shi kansa Tamiya wurin yankan katako ne lokacin da Yoshio Tamiya ya kafa shi a 1946. Da jiragen ruwa na katako ya fara, ya koma roba wajen 1960. Ɗansa Shunsaku ne ya mayar da bin ƙwaƙƙwafi al'adar gidan: a shekarun 1970 kamfanin ya sayi Porsche 911 sukutum, aka warware ta gunduwa-gunduwa don a auna kowane ƙarfe kafin a yi ƙaramarta. Duk watan Mayu ana baje kolin wannan sana'a a birnin Shizuoka, mutane na zuwa daga ƙasashe daban-daban.

Mai buɗe kwalin karo na farko yakan ɗan yi turus, don babu abin da ya yi kama da mota sai bodin. Sauran duk ƙananan gutsattsari ne, sau da yawa fiye da ɗari, maƙale a jikin firam-firam na roba, kowane da lambarsa. Narkakkiyar roba ake turawa cikin mazubin ƙarfe, hanyar da ta bi ita ce ta daskare ta zama firam ɗin. Akwai tayoyin roba mai laushi, da gilasai, da bamba mai ƙyalli, da takardar tambura, da littafin bayani da zane ya fi rubutu yawa a cikinsa. Yaron da ya taɓa fere kara ya yi mota ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai shi da idonsa yake awo, wannan kuwa an riga an auna masa.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, wuƙa mai tsini, hantsaki, sanfefa mai laushi, burushi da gam. Ba a murɗe gutsure da hannu, yankewa ake yi a kankare gurbin. Gam ɗin ma ba irin wanda aka saba ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu guda, shi ya sa ɗigo kaɗan ya isa, kuma idan ya taɓa yatsa yatsan ya taɓa bodi, zanen yatsan ya zauna ke nan. Ba ya kama wurin da ke da fenti ko ƙyalli sai an kankare. Gilashi kuwa dusashe shi yake yi, don haka da farin gam na ruwa ake manna shi.

Haɗawar ita ce mai sauƙi. Inda ake gane gwani da ɗan koyo shi ne fentin bodi, kuma nan ne mafi yawan lokacin ke tafiya. Da farko a nemo siraran layukan da mazubi ya bari a gefen rufi da kan fenda, waɗanda babu su a motar gaske, a goge su da sanfefa. A wanke bodin da sabulu don cire maiƙo. A fesa fentin share fage mai ruwan toka, wanda ke tona duk wani ƙarce da ido bai gani ba, a sake gogewa. Sannan launi, a fesa shi sama-sama sau uku ko huɗu, ana barin kowane ya sha iska. Mai gaggawa da ya zuba shi lokaci guda zai ga yana zuba kamar hawaye, ya cike layin ƙofa da na but. Bonet ɗin motar Safari baƙi ne marar sheƙi, don kada hasken rana ya kashe wa direba ido, saboda haka sai an rufe jan da tef kafin a fesa baƙin. Wasu sukan bar bodin mako guda ko fiye a cikin rufaffen kwali ba su taɓa shi ba. Ƙura ce babbar abokiyar gaba, laima kuma tana sa fentin ya yi fari-fari.

Tambura ba sitika ba ne. Ana tsoma su a ruwa na ɗan daƙiƙu, su sulɓe daga takarda, a zame su zuwa gurbinsu da jiƙaƙƙen burushi, a matse ruwan da auduga. Lamba 11 da sunayen masu ɗaukar nauyi duk haka ake sa su, ɗaya bayan ɗaya.

A nan masu sha'awar suka rabu biyu. Wasu suna son motar fes, kamar ranar da aka ɗaga tuta. Wasu kuma sun ce motar Safari ba tare da jar ƙasa ba ai ba ita ba ce, sai su barbaɗa garin launi a ƙasan ƙofofi, su bar sawun waifa a gilashi, wani har ya ɗumama fenda ya lotsa ta yana duban hotunan 1971. Aikin na biyun ya fi wuya, domin datti na gaskiya yana da inda yake taruwa, kuma wanda bai taɓa lura da mota bayan doguwar tafiya ba zai zuba shi inda bai dace ba.

Ribar da ba a cika faɗa ba ita ce sanin mota. Wanda ya haɗa kwali mai cikakken inji, irin Fairlady 240ZG, 'yar'uwar 240Z, da Tamiya ya fitar a 2021, ya riƙe kafireta biyu da hantsaki, ya ga yadda salansa ke bi ta ƙarƙashi, ya gane inda giya ke miƙa ƙarfi zuwa tayoyin baya. Ba kowane kwali ke da wannan ba, wasu bonet ɗinsu a rufe yake, babu komai a ciki, kuma irinsu suka fi dacewa da mai farawa.

Mai karatun da ke son gwadawa daga Kano ko Maradi zai fi samun kwalin ta odar intanet. Gwangwanin fentin feshi ba kasafai ake yarda a ɗauko shi a jirgin sama ba, don haka ya nemi fentin kwalba mai narkewa da ruwa, ya guji tinar fentin mota don tana cin robar. Ya yi feshi a wuri mai iska, nesa da wuta da ƙananan yara, kuma kada ya sa ranar fentin bodi a tsakiyar hunturu.