Takalmin Hawa Mashin: Me Za Ka Duba Kafin Ka Biya Kuɗi?

 Yau hirar tamu ta 'yan mashin ce, kuma daga Yola nake magana, Yola ta ƙasar Ƙaraye, ba ta Adamawa ba.

A cikin birnin Kano tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a kan mashin, amma mu nan Ƙaraye da Rogo har gobe mashin ne motarmu. Shi ne kasuwa, shi ne gona, shi ne kai mara lafiya asibiti. To ka tsaya bakin hanya ka kalli ƙafar mutum goma da suka wuce a kan Boxer ko Jincheng. Yawancinsu silifa ce. Alhali idan mashin ya zame, sau da yawa ƙafa ce ke fara taɓa ƙasa, ita ce kuma mashin ke dannewa. Ga salansa da zafi a gefen dama, ga kututture da duwatsu a hanyar gona. Matashin da idon sawunsa ya karye a farkon damina, noman shekarar ya wuce shi, ga kuɗin ɗori.

Ni abin da nake nema a takalmin hawa abu biyu ne: kada ya fice daga ƙafata in na faɗi, kuma kada ya takura min har in gaji in ajiye shi a gida. Duk sauran bayanin da zan yi, a kan waɗannan biyun yake.

Na farko, tsayi. Dole but ɗin ya rufe idon sawu, ya ɗan haura sama. Sau-ciki da kambas ba sa rufe wannan ƙashin, kuma suna iya fita da zarar ƙafa ta gogi titi. Ka matsa gefen idon sawun da yatsa, ka ji akwai tauri ko wani abu da aka cusa a ciki. Dunduniya da wajen yatsu su ma su kasance da ƙarfi.

Na biyu, fatar kanta. Mai shago zai ce maka “orijinal leda ne”. To a Hausarmu dai leda ita ce wadda ake ƙulla ƙosai a ciki, kuma wani lokacin gaskiya ya faɗa maka bai sani ba. Akwai roba mai kama da fata, tana sheƙi a shago, bayan 'yan watanni ta fara ɓarewa. Ka duba bakin da aka yanka: fata ta gaske za ka ga zare-zarenta, ta bogi kuwa yadi ne aka manna wa roba. Ka shinshina. Ka danna da babban yatsa, fata tana yin 'yan ƙananan tamoji sannan ta koma. Kuma ka nemi ƙirgi, wato fatar saniya. Fatar akuya da ta tunkiya suna da laushi da kyau, jar akuyar Sakkwato ma ita ce ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, amma don gogayya da kwalta, kaurin ƙirgi ake so.

Na uku, tafin takalmi. Ya zama na roba mai zane a ƙasa, don wanda yake sumul santsi yake yi a laka da inda baƙin mai ya zube, irin wajen bakanike ko gidan mai. Ka riƙe takalmin da hannu biyu ka murɗa shi kamar kana matse wanki. In ya murɗe cikin sauƙi, haka zai murɗe da ƙafarka a ciki. Ya kasance da 'yar dunduniya da za ta riƙe matakin mashin. Sannan ka zaɓi wanda aka ɗinke tafinsa, ba wanda aka manna da gam kaɗai ba. Zafin watan Afrilu da ruwan Agusta suna kashe gam, ɗinki kuwa ko ya tsinke, shumeka zai gyara maka.

Na huɗu, igiya ko zif. Igiya mai reto tana iya maƙalewa a giya ko birki, ka zo sauke ƙafa ta ƙi sauka. In mai igiya ka saya, ka riƙa cusa bakinta ciki. Ni na fi son mai zif a gefe, saboda mu mutane ne masu cire takalmi sau da yawa a rana: alwala, masallaci, shiga gidan mutane. But ɗin da sai ka yi minti biyar kana kwancewa, wallahi sati biyu za ka koma silifa.

Yanzu maganar gwaji. Kada ka yi aike, ka je da ƙafarka, domin lamba 42 ta wannan kamfani ba lallai ta zo daidai da 42 ta wancan ba. Ka gwada da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka riƙa sawa. Yatsu su samu wajen motsi, dunduniya kada ta riƙa ɗagawa in kana tafiya. Kada ka yarda da “zai buɗe”. Fata tana ɗan buɗewa a faɗi, amma ba ta ƙara tsawo. In da hali ka hau mashin ka taka giya da birki ka ji. Takalmin sefti mai ƙarfe a baki ya fi silifa nesa ba kusa ba, sai dai wani bakinsa ya yi kauri, ba ya shiga ƙarƙashin giya ga mai mashin da ake ɗago giyarsa da yatsu.

A ina za a samu? A Kano akwai 'yan takalma a Ƙofar Wambai da Sabon Gari, sabo da gwanjo. A gwanjo wani lokacin ana dacewa da but ɗin da aka yi musamman don mashin. Ka leƙa ciki, in ka ga hoton mutum a kan mashin da lamba EN 13634, wannan ma'aunin Turai ne na takalmin hawa, an gwada shi a kan gogewa da yankewa da matsewa. Amma ka lanƙwasa tafin sosai, don wani ya daɗe a ajiye, da ka fara takawa sai ya riƙa marmashewa. Hanya ta biyu, ka ba baduku ko mai ɗinkin takalmi ya auna ƙafarka. Garin da ke da majema tun kaka da kakanni, ga kamfanonin jima a Challawa da Sharaɗa, bai rasa masu wannan aikin ba. Ka gaya masa ƙirgi kake so, ya ɗinke tafin, ya ƙara fata a inda giya ke ci a ƙafar hagu.

In ka saya, ka kula da shi. Ya jiƙe, kada ka kanga shi a wuta ko ka bar shi a tsakiyar rana, fatar za ta bushe ta tsage. Ka cusa masa takarda ka ajiye a inuwa. Da hunturu ka goge ƙura ka shafa masa man takalmi ko ɗan man kaɗe. Da safe kuma ka zazzage shi kafin ka zura ƙafa, kunama tana son irin wannan ɗakin.

Na san wani zai ce zafi. Gaskiya ne akwai zafi, safar auduga tana ragewa, in ka isa inda za ka sai ka cire ka sha iska. Na san kuma kuɗinsa ya fi na silifa. Ka kwatanta shi da kuɗin jinya da kwanakin da za ka yi a kwance ba ka fita nema ba. Kuma but ba ya maye gurbin hular kwano, kowanne da aikinsa.

Ku faɗa min irin takalmin da kuke hawa da shi da yadda ya yi muku. Wanda ya san ɗan acaɓa ko mai zuwa gona a mashin, ya tura masa. Allah Ya tsare mu a kan hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.